Jan Ƙyallen Gwaggo

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, ana tsakiyar zafin bazara, Allah Ya karɓi ran Gwaggo, yayar mahaifina, bayan gajeriyar jinya. An kai ta makwancinta da la'asar, daidai lokacin da ta saba fita ban ruwa.

Gwaggo, na so in rubuta miki wannan da sanyin zuciya, amma wallahi raina a ɓace yake, kuma ke kika koya mini kada in haɗiye magana.

Duk wanda ya san gidanki ya san filin nan na baya, tsakanin katanga da ɗakin girki. Babu bishiya, babu inuwa, rana na dukansa daga hantsi har yamma. Maƙwabta suka ce ko ƙaya ba za ta tsira a wurin ba. Kika gwada latas da kabeji, suka ƙone ƙurmus. Kika yi dariya kika ce, "Wanda ba ya son rana ya kama gabansa." Kika koma kuɓewa, yakuwa, rama, gauta da barkono. Ban ruwa da asuba da bayan la'asar. Ruwan wankin shinkafa bai taɓa zuwa kwata ba a gidanki, kuma gindin kowace shuka a lulluɓe yake da busasshiyar ciyawa don ƙasa ta riƙe danshi.

Lokacin da maƙwabcinki mai faci ya kwanta ciwo, wata da watanni daga lambun nan matarsa take miya. Ba ki taɓa bari ta roƙa ba. Ta kan katanga kike miƙa mata, don kada idon unguwa ya gani.

Kowace bazara, in zafi ya kai intaha, kikan zaga da tsakar rana ki duba wace kuɓewa ce ba ta sunkuyar da ganye ba. Ita kike ɗaura wa jan ƙyalle. Kowa a gidan ya san ma'anarsa: ba a tsinka, iri ce, sai ta bushe a jikin karanta. Ko jikan da kika fi so ya miƙa hannu, sai ya sha ranƙwashi. Shekara da shekaru kina wannan zaɓe, har kika samu kuɓewar da ba ta tsoron rana, wadda ba a samun irinta a kasuwa.

Washegarin rasuwarki, Yaya Babba, ɗanki na fari, ya ce tsakar gida ba za ta ɗauki masu gaisuwa ba. Ya kira masu kafa rumfa. Suka tumɓuke lambun kakaf, har da busassun nan masu jan ƙyalle, suka tara, suka cinna wuta. Hayaƙi na tarar.

Na ce, "Yaya, ba ka ga jan ƙyalle ba?"

Ya ce, "Busassun kara ne fa. A ina kike so manyan mutane su zauna?"

Haba Yaya! Da kuɓewar nan aka yaye ka. Ƙasar kabarinta ba ta bushe ba, ka ƙone abin da ta fi shekara arba'in tana reno, don a jera kujerun roba? Manyan mutanen sun zo, sun sha ruwan sanyi, sun shafa fatiha, sun tayar da motocinsu. Babu wanda ya san a kan me yake zaune.

Da aka kwashe rumfa na je in yi kukana a wurin. A gindin katanga, inda aka jera butoci, sai na ga tsiro, ganye bibbiyu, kore shar. Ashe da ana jan karan, wasu busassun kuɓewar sun fashe, irin ya zube, ruwan alwalar masu gaisuwa ya shayar da shi. Na zauna a ƙasa.

Yanzu kuma Yaya yana maganar daɓe filin da siminti, wai don ajiye mota. To, ya ji da kyau. Na yage tsohon jan ɗankwalinki, na kafa sanduna, na ɗaura wa kowane tsiro. Mai siminti zai same ni a zaune a wurin, da butata.

Ina miƙa ta'aziyya ga Babana, da 'ya'yanki, har da Yaya Babba, da jikoki, da matar mai faci wadda har yau take ɗaga kai ta dubi katanga. Allah Ya ba mu haƙuri. Allah Ya jiƙan ki, Gwaggo, Ya yafe kurakuranki, Ya sa kowace loma da aka ci daga hannunki ta zame miki sadaka mai gudana. Kin sha rana a duniya, Allah Ya ba ki inuwar Aljanna. Amin.