Madarar da Ta Ƙi Barci a Firij

Ranar da maigidana ya shigo da firij gidanmu na Gummi, ban iya cin abincin rana ba don murna. Tsoho ne, ya sayo shi a Gusau, ƙofarsa ma sai an danna da gwiwa take rufuwa, amma a layinmu babu mai irinsa. Matan maƙwabta suka yi ta shigowa suna sa hannu a ciki, ni kuwa ina tsaye ina bayani kamar ni na ƙera shi.

A makon farko babu abin da ban cusa masa ba. Albasa, daddawa, tuwo da zafinsa, har da garin kuka. Washegari ruwan sha ya ɗauki warin daddawa, maigidan ya kurɓa ya dube ni, ya tambaya ko miya na ba shi. Daga nan na koyi rufe kowane kwano, na daina sa abu sai ya huce, na fitar da albasa ta koma kwandonta. In an ɗauke wuta kuwa, duk wanda ya taɓa ƙofar nan ni da shi ne, don sanyin da ya tara shi zai riƙe mu har a dawo da ita.

Wata rana na manta kwalbar man gyaɗa a ciki. Da na ɗauko, man ya yi barci, ya daskare fari fat. Na yi ta juya kwalbar ina dariya ni kaɗai, sai wata dabara ta faɗo mini.

Inna, mahaifiyata, a Bukkuyum take, kuma a kan kindirmo ba ta da na biyu. Ni ce 'yarta da ban gado ba. Tun ina gida, duk madarar da na kafa sai ta tsinke ko ta yi tsami, har ta yanke hukunci cewa hannuna ba na nono ba ne. Maganar ta daɗe tana ci mini rai. To ga shi ta aiko za ta zo ranar Juma'a, ga ni da na'urar da ke sa mai barci. In mai ya yi barci a ciki, me zai hana madara?

Ranar Alhamis da la'asar na karɓi madara wurin Bafulatanar da ke kawo mana nono. Na tafasa, na bari ta huce, na zuba ludayi guda na tsohon nono a matsayin iri, na rufe ƙwaryar na tura firij. Har na fara tsara irin kallon da zan yi wa Inna.

Da safe na buɗe, madara na nan tsululu, ta yi sanyi ƙalau, ko alamar kamawa babu. Na girgiza ƙwaryar, ta yi mini motsi. Haushi ya kama ni, na fara zagin firij ɗin da nake wa kirari jiya.

Ina cikin haka Bafulatanar ta yi sallama. Ta leƙa ƙwaryar, ta leƙa inda na ciro ta, sai ta zauna a ƙasa tana dariya har da hawaye.

"Amarya, wa ya hwaɗa miki nono na barci cikin sanyi? Mai shi ka barci da sanyi. Nono ɗumi shika so, kamar jinjiri."

Ta sa na ɗan ɗumama madarar, muka ƙara iri, muka naɗe ƙwaryar da tsohon zane, muka ajiye gefen murhu. Ta ce kada in taɓa, kada in leƙa. Wannan ya fi komai wuya.

Inna ta iso bayan an sauko daga masallaci, zafin bazara ya gasa ta a mota. Idonta ya faɗa kan ƙunshin zanen tun kafin ta zauna.

"Mi kinka ɓoye can?"

Na ce wani ɗan abu ne. Ta ce to, Allah shi sa a ga alheri, da irin muryar da na sani.

Bayan la'asar na kwance zanen. Nono ya kama. Na karkata ƙwaryar, bai motsa ba. Saura kaɗan in yi guɗa. Sai a lokacin na sa shi a firij, kuma Allah ya taimake ni wuta ba ta gudu ba.

Kafin magariba na dama mata fura da shi, mai sanyi. Ta sha ludayi ɗaya, ta sha na biyu, ta shanye, ta miƙo ƙwaryar a ƙara. Ba ta yaba ba, ni ma ban tambaya ba.

Ranar da za ta koma, ta riga ta yafa mayafi, sai ta ciro wani ɗan gwangwani wankakke daga jakarta ta miƙo mini.

"Ɗiyata, zuba min kaɗan cikin nonon nan naki. Shi nika so in yi iri da shi in na isa gida."