Baba Magaji, Malamin da Na Kira Mai Kifi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar Lahadi, goma ga watan Sha'aban 1446, wadda ta zo daidai da tara ga Fabrairu 2025, jim kaɗan bayan sallar azahar, Allah ya karɓi ran Malam Magaji masunci a gidansa da ke bakin ruwan Tiga, cikin ƙasar Bebeji, bayan jinyar kwana goma sha biyu. Ya bar duniya yana da shekara saba'in da shida. Bahijja, tsohuwar ɗalibarmu da ke aure a ƙauyensu, ita ta bugo ta sanar da ni. Ni da ita duk mun san rabona da shi wata takwas ke nan, kuma mun san dalili.

Baba Magaji, da kai zan yi magana. Masu rubuta ta'aziyya sukan zo da yabo, ni ma na zo da shi, amma abin da ya fi nauyi a bakina neman afuwa ne, kuma na makara. Na yi maka laifi, na yi ta cewa gobe zan je in ba ka haƙuri, har goben ta ƙare. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, saboda haka zan faɗi komai yadda ya faru, ko da abin zai jawo mini magana a wurin aiki.

Shekara tara da suka wuce aka ɗora mini koyar da Tarihin Al'adun Kudancin Kano a kwalejinmu. A cikin kundin kwasa-kwasai, can ƙasan jeri yake, bayan wasan kwaikwayo da aikin rediyo da talabijin da zane-zane, kuma bayaninsa layi uku ne kacal. Kwas ne na ganin dama, babu littafi ko guda a kansa. Ɗalibai bakwai suka zaɓe shi, su ma don sun ji ba a faɗuwa. Ina karanta musu abin da na tsinto, suna gyangyaɗi, har aka fara maganar a soke shi daga jerin gaba ɗaya.

Ana cikin haka na je Tiga sayen kifi. Ina tsaye ina ta yi wa wani abokina iyayi, ina nuna masa ruwa ina cewa ai nan da duk daji ne kafin a yi dam. Kana zaune kana gyaran koma, ko ɗago kai ba ka yi ba, ka ce, "Malam mai gilashi, dajin nan da kake nunawa, a cikinsa aka yanke mini cibiya." Kunya ta kama ni, na tsuguna na gaishe ka. Kafin la'asar ka zana mini garinku a ƙasa da tsinke: masallaci, marinar mahaifinka mai rijiyoyi tara, tsamiyar da ake cin kasuwa a gindinta ran Alhamis, da burtalin da shanu ke bi su nufi Falgore. Ka ce kana saurayi aka tashe ku, ruwa ya cinye gona da marina, sai ka koma neman abinci a kan ruwan da ya cinye su.

Na roƙe ka ka zo ka yi wa ɗalibaina magana sau ɗaya. Ka zo, daga nan kuma Talata ta zama taka. Kana hawo mashin ɗin haya cikin babbar rigarka, ruwa ko rana, ka iso kafin ni da nake kwana kusa da makaranta. Ajin mutum bakwai ya koma wanda ake aro benci daga maƙwabta. Ɗaliban rediyo suna shigowa da rikoda, na wasan kwaikwayo suna kwaikwayon tafiyarka a bayan idonka, ka sani sarai, kana juyowa ka ce ba haka ake ɗingishin ba, ka gyara musu.

Ba na manta bazarar da ruwa ya ja baya, ka kwashe mu a kwale-kwale uku ka kai mu tsakiya. Ka tsayar da jirgi kana nuni da filafili, nan ƙofar gidanku, nan rijiyar da aka ce ba ta ƙafewa. Mu ba mu ganin komai sai ruwa, amma babu wanda ya yi ko tari. Akwai wani ɗalibi Bafulatani daga wajen Doguwa, Yusif, wanda bai cika magana ba. Ka tambaye shi zuriyarsu, ya faɗa, sai ka kira sunan kakansa, ka ce kowace kaka a gonar mahaifinka suke sauka, shanunsu su bar muku taki, ku kuma ku ba su dawa. Yusif ya sunkuyar da kai yana hawaye, don shi kansa bai taɓa jin inda kakan nasa ya zauna ba. Yau yana aiki a wani gidan rediyo, kuma da muryarka ya yi shirinsa na farko.

Ba ka taɓa zuwa hannu rabbana ba. Ko bandar kifi, ko albasa daga fadamarka ta noman rani, ka ce yaro mai yunwa ba ya riƙe tarihi. Wata rana ka ce in nuna maka inda aka rubuta darasinmu a kundi. Na nuna maka, ka sa yatsa a kan gurbin malami ka ce sunan wa ke nan, na ce nawa ne, fom ɗin ba shi da wurin mutum biyu. Ka yi dariya ka ce ba komai, ai kifi ba ya neman a rubuta sunansa a jikin tukunya. Na taya ka dariya, na kuma ji daɗin da ka sauƙaƙa mini, ban sake tayar da maganar a ofis ba.

Sai ga watan Yunin bara, aka ce masu tantance kwasa-kwasai za su zo. Duk wanda ya yi aikin koyarwa ya san halin da makaranta ke shiga a irin wannan mako. Aka yi fenti, aka aro kyamarori da littattafai aka jera, aka aro har da malamai. Ƙa'ida ta ce duk mai tsayawa gaban aji sai yana da takardar shaida, kai kuwa allo ka yi, ba ka yi boko ba. Aka samo wani dakta daga birni, aka sa sunansa kusa da nawa na kwana biyu. Ashe fom ɗin yana ɗaukar mutum biyu in an ga dama. Ba wanda ya tilasta mini, ni na ce zan san yadda zan yi da kai. Na bugo maka waya na ce an ɗage darasin wannan Talatar.

Ɗalibai kuwa sun riga sun gaya maka manyan baƙi za su zo ganin darasinmu. A ganinka ba daidai ba ne baƙo ya zo gidan mutum bai fito ya yi masa barka da zuwa ba. Ina zagayawa da baƙin a baranda, ina ta zuba Turanci, sai na hango ka ka shigo cikin farar babbar riga sabuwar guga, da kwandon banda a hannu. Ka nufo mu kana murmushi ka yi sallama. Shugabar tawagar, wata farfesa dattijuwa, ta amsa maka da fara'a, ta juyo ta tambaye ni wane ne wannan bawan Allah.

Wallahi, Baba, ina da lokacin da zan faɗi gaskiya. Na dubi shugabanninmu, na dubi daktan aro, na ce, "Mai kawo mana kifi ne." Da Hausa na faɗa, a gabanka, a gaban Bahijja da sauran ɗaliban da ke tsaye.

Ka rusuna ka ce, "Haka ne, ranki ya daɗe, kifi nake kawowa." Ka ajiye kwandon, ka yi musu fatan sauka lafiya, ka juya ka tafi. Ka rufa mini asiri a daidai lokacin da na tozarta ka, kuma wannan shi ya fi komai ci mini rai. Da zagina ka yi da na fi samun sauƙi.

Farfesar ta duba takardun darasin, ta tsaya a kan taswirar garinku da na kwafa daga zanenka, ta yaba ƙwarai, ta tambayi inda na samo. Na ce binciken da na yi ne. Da rana aka dafa musu kifinka suka ci suna santi. Kwas ya tsallake, aka yi ta yi mini barka, ni kuwa ina amsawa kamar wani abin kirki na yi. An ce zanen aro ba ya rufe katara, to ya rufe ta makaranta, tawa ce ya bari a waje.

Talatar da ta biyo ba ka zo ba, ban kuma kira ba. Na ce bari zuciyarka ta huce. Daga nan na ce bari a gama jarrabawa, sannan bari damina ta wuce. Sau nawa ina isowa Kwanar Dangora da niyyar yau sai gidanka, sai in tarar na miƙe hanya. Akwai ranar da na hango ka a kasuwar Ƙafin Maiyaki kana cinikin igiya, ni da gemuna da gilashina na laɓe bayan buhunan masara har ka wuce. Ɗalibai suna tambaya ina Baba, ina cewa ba ka da lafiya, alhali lafiyarka ƙalau a lokacin. Bahijja kaɗai ta tare ni, ta ce Malam, abin da ka yi bai dace ba, ka je. Na daka mata tsawa na ce ta san matsayinta. Ita ma ina neman afuwarta a nan.

Ban sami jana'izarka ba, sai ranar sadakar uku na je. Na zauna a kan tabarma cikin masunta da manoma, kowa yana ba da labarin alherinka, wasu har suna nuna ni suna cewa ga malamin da marigayi yake koyarwa tare da shi. Ashe ba ka gaya wa kowa ba. Da jama'a suka ragu, ɗanka Idi ya yi mini iso wurin Inna Tasalla, mai ɗakinka. Na tsuguna a bakin ƙofa, tana daga bayan labule, na yi mata gaisuwa. Ta amsa, sannan ta ce, kai ne Kamalu? Na ce ni ne, Inna.

Ta ce ita kaɗai ka faɗa wa, shi ma sau ɗaya, ranar da abin ya faru. Ta ce tun daga nan, duk ranar Talata sai ka yi wanka da hantsi, ka sa babbar riga, ka zauna a zaure, ba ka shiga ruwa, ba ka zuwa fadama. In ta ce maka Malam, ka cire rigar nan ka huta, sai ka ce mutum ba ya zuwa inda ba a kira shi ba, amma idan Malam Kamalu ya aiko, bai kamata a tarar da kai ba shiri ba. Sai an kira azahar kake cirewa. Haka ka yi ta yi sama da sati talatin, har Talatar da ciwo ya kwantar da kai.

Sai na tambaye ta abin da ya kai ni, na ce Inna, don Allah, ya ce ya yafe mini?

Ta ce, "Ɗana, ina cikin takaba, ba zan yi wa mamaci ƙarya ba. Ban ji ya ce ya yafe ba, ban kuma ji ya ce bai yafe ba. Jira yake ka zo ka tambaye shi."

Da wannan na dawo gida, da shi kuma nake kwana nake tashi. Na rubuta wa hukumar makaranta gaskiyar abin da ya faru, na nemi a sa sunanka a kundi da kan kowace takarda da ta fito daga bakinka. Ko sun yarda ko sun hukunta ni, na san wannan ba biya ba ne, don ba suna ka zauna jira a zaure ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Tasalla, da 'ya'yanka Idi da Safara'u da Mudi, da jikoki, da masuntan Tiga, da ɗaruruwan ɗaliban da suka zauna a gabanka. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya albarkaci bayansa. Allah ya jiƙanka, Baba Magaji, ya haskaka kabarinka, ya yalwata maka shi, ya sa ilimin da ka bayar ya zama sadaka mai gudana, ya sa Aljannar Firdausi ce makomarka. Ya rufa maka asiri ranar gobe kamar yadda ka rufa wa wanda bai cancanta ba.

Malamai sun karantar da mu cewa Allah yana yafe abin da ke tsakaninsa da bawa, amma haƙƙin bawa sai mai shi ya yafe. Ya Allah, haƙƙin wannan bawa naka yana wuyana, wanda zai sauke mini shi kuma ya riga ya koma gare ka. Ka yi masa rahama, ka kuma sanyaya zuciyarsa a kaina ranar da za ka tsayar da mu biyu a gabanka. Amin.

Kamaluddeen Muhammad Kiru