Anti Rabi Ta Kama Ni Ina Faci

Ina tsugune a ƙofar gareji, na tsoma tub ɗin wata 'yar taya a bahon ruwa ina neman huji, sai ga Anti Rabi, ƙawar Mama.

"Innalillahi! Bilkisu, faci kika zo yi Amurka? A bainar jama'ar Pleasant Garden?"

Tuƙin jirgin sama marar inji nake koyo. A kan 'yar tayar nan ake ɗora fiffikensa a ja shi zuwa filin tashi. In ta sace, babu tashin da zan yi ranar Asabar.

"To, me zan ce wa uwarki?"

"Anti, ki ce mata ranar Asabar ta ɗaga kai sama."

Na ci gaba da shafa sholishona.

Ku faɗa min, don Allah, ina abin kunya a nan?