Baba Saiti da Bindigar Kwana

A gidan adana kayan tarihin soja, ma'aikatan da suka san sunansa na yanka ba su kai uku ba. Kowa Baba Saiti yake kiransa. Maƙeri ne tun asali, kuma shekara talatin da ɗaya ya yi yana goge bindigogin gidan yana shafa musu mai, daga masu ƙanƙarar ƙyasta wuta da ake ɗurawa ta baki har zuwa na gwaji waɗanda ba su taɓa ganin fagen daga ba.

Lahaninsa ɗaya ne: idonsa ba ya jure abu a karkace. Matarsa ta shaida mini cewa a shekarar aurensu ya miƙar mata da mariƙin lema. Ƙanensa mai walda kuwa, wanda bai taɓa kafa ƙofa ta tsaya daidai ba, shekara ashirin Baba yana kiransa Karkace a gaban abokan cinikinsa.

Saura wata biyu ya yi ritaya aka fito da wani akwati daga ɗakin ajiya domin baje kolin makaman gwaji. A ciki akwai bindiga mai lanƙwasasshen bututu, wadda aka ƙera da nufin soja ya yi harbi ta kwanar bango ba tare da ya leƙo da kansa ba. Katin bayaninta yana ofis. Baba ya dube ta, tausayi ya kama shi, ya ƙudura cewa gyaranta ne zai zama kyautarsa ta ban kwana. Kwana uku ya yi a kanta da wuta da guduma, sannan ya kai wa shugabar gidan, fuskarsa cike da annuri.

"Baba, ina bindigar kwana?"

"Ga ta nan, ranki ya daɗe. Ta warke."

Shugabar ta zauna a hankali. Ta nuna masa tsohon zanen maƙeranta, ta bayyana masa cewa lanƙwasar nan ita ce dalilin ajiye bindigar tun farko.

"Wato da gangan suka yi? Da hankalinsu?" in ji Baba.

Ta ce nan da mako guda za a buɗe baje kolin. In bututun bai koma yadda yake ba, dole ta rubuta rahoto, kuma takardar yabon da ake bai wa mai ritaya ba za ta fito ba. Matarsa kuwa tuni ta kafa ƙusa a bangon falo, ta kuma sanar da maƙwabta abin da za a rataya.

Ya gwada sau biyu. Duk lokacin da ƙarfen ya yi ja ya fara sunkuyawa, sai ya tarar hannunsa ya sake miƙar da shi ba da saninsa ba. A rana ta huɗu matar ta ajiye masa abinci ta ce, "Malam, a danginku akwai gwanin wannan aiki, ka kuma san shagonsa."

Ya tafi da bindigar naɗe a bargo, da takardar izini a aljihu. Ƙanen ya saurari bayanin har ƙarshe yana goge hannu.

"Yaya, ban ji sosai ba, injin nan ya kashe min kunne. Me kake so in yi?"

"Ka lanƙwasa ta."

"Ni? Ai kai ne gwani. Mu 'yan ɓata ƙarfe ne."

"Kai dai ka yi wa Allah."

"To faɗi da ƙarfi, mai faci na kusa bai ji ba."

Baba ya faɗa da ƙarfi. Ƙanen ya cika bututun da yashi, ya gasa shi, ya ja shi a jikin wani tsohon wilin mota yana duban zanen da gefen ido. Da aka auna a ofis, lanƙwasar ta hau kan zanen daidai. Ƙanen ya ce wannan ne aikinsa na farko da aka auna ba a yi salati ba.

Shugabar ba ta ɓoye komai ba. Ta ƙara layi a katin bayani cewa an taɓa miƙar da bututun bisa kuskure, aka sake lanƙwasa shi. Masu gadi sun ce baƙi sun fi daɗewa a kan wannan layin fiye da tarihin bindigar.

Takardar yabo ta fito. Matar ta rataya ta da kanta, kuma duk wanda ya shiga falon zai ga ta ɗan zame ta hagu. Na ga Baba ya ɗaga hannu wajenta, ya tsaya, ya sosa ƙeya, ya koma ya zauna a kujerar da ta ba takardar baya.