Gurbin Kowane Ƙarfe a Bangon Baba

Da masaƙar da Baba yake aiki a Kakuri ta rufe, abokan aikinsa wasu suka koma gona, wasu suka kama acaɓa. Shi kuwa ya jawo wani tsohon injin fere ƙarfe ya kafa a wani ɗaki can ƙuryar gidanmu a Makera. Ya ce ba don kasuwa ba ne, don kada hannunsa ya mutu. Injin yakan cafki ƙarfe ya yi ta juya shi, mutum ya kanga masa wuƙa tana fere shi kamar rake.

Wuƙaƙen injin da ƙarafan huji suna da yawa, kuma Baba ya tsani lalube a gwangwani. Sai ya tara tsofaffin fistan, wato gorar ruwan cikin injin mota, daga wajen makanikai, ya haɗa da tukunyar Mama da ta fara yoyo. Har Mama ta rasu ba ta daina mitar tukunyar nan ba, wai ai da sauranta. Ya narkar da su a wutar gawayi, ya zuba ruwan ƙarfen cikin yashin da ya danne ya fitar masa da siffa. Dogayen sanduna suka fito masu ƙulu-ƙulu a jere. Ya huda kowane ƙulu daidai gindin ƙarfen da zai zauna ciki, ya ɗaure sandunan a bango. Ba kyau gare su ba. Guda ma duk tabo ne, don da damina ya zuba ta, yashin bai bushe ba.

Na ce ya rubuta lamba a ƙarƙashin kowane gurbi. Ya yi dariya ya ce, "Uwata, ke sai kin rubuta wa bakinki lamba kafin ki kai loma?" Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kirana da sunana ba, sai Uwata.

Mantuwa ta fara kama shi a hankali. Ya manta hanyar masallaci, ya manta Mama ta rasu, yana cewa a kira ta ta kawo shayi. Na dawo gidan da zama don in kula da shi. Muka cire wa injin wayar wuta saboda yatsunsa. Wata safiya na kai masa koko, ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Na gode, baiwar Allah." Haka ake kiran matar da ba a sani ba. Na tsaya ina jiran kuka ya zo, bai zo ba. Na ɗauki kwanon na je na wanke.

Amma bangon bai manta ba. Kullum da hantsi nakan zare ƙarafan duka in zube su a kan tebur, in kawo shi ɗakin. Sai ya yi tsaki, ya ce wane mara hankali ne ya yi wannan aika-aika, ya shiga mayar da su ɗaya bayan ɗaya, ko kallon bangon ba ya yi. Ni kuma ina bakin ƙofa ina shan zagin. A raina nakan ce, muddin hannun nan ya san gurbinsa, da sauran Baba a gidan nan. Ba murna nake yi ba, ba kuma baƙin ciki ba. Dubawa kawai nake yi, yadda ake taɓa goshin mai zazzaɓi.

Ranar da abin ya zo, rana ce irin ta kullum, mai kayan miya yana ta kira a layi. Na zube ƙarafan, na kawo shi. Bai yi tsaki ba. Ya ɗauki wata ƙaramar wuƙa ya juya ta a tafin hannunsa, ya ɗaga kai ya bi sandunan da kallo tun daga farko har ƙarshe, ya shafa mai tabon nan da yatsa.

"Wanda ya yi wannan ya iya aiki," in ji shi.

Na ce, "Ya iya, Baba."

Ya miƙo mini wuƙar a hankali. "Baiwar Allah, mayar masa da kayansa mu fita, kada ya dawo ya tarar mun taɓa."

Na karɓa na tsaya gaban bangon. Ban san gurbinta ba.