Muryar Barira a Allon Gwamnati

Wata rana, ana dab da rufe makarantu domin hutun ƙarshen zango, wani dattijon malamin lissafi ya shigo ofishin malamai rungume da kwamfutar hannu, ya naɗe ta cikin farin ƙyalle.

Sunansa Malam Mainasara.

Ya fito ne daga tsohuwar kwalejin horon malamai, zamanin da ake duba farcen malami kafin a duba darasinsa. Rigarsa kullum da guga. Jan biro da shuɗi suna jere a aljihunsa. Idan ya doso aji, tun daga ƙarar takalminsa ɗalibai suke gyara zama.

Kwamfutar nan kuwa irin wadda aka raba wa malaman makarantar ce, domin kiran sunan ɗalibai da shigar da sakamakon jarrabawa. Shi bai taɓa kiranta da sunanta ba. "Allon gwamnati" yake ce mata.

Lokacin da aka fara raba ta, ta ba shi wahala matuƙa. Mutumin da ya koyar da iyaye ya koyar da 'ya'yansu, sai ga shi a gaban gilashi bai san inda zai sa yatsa ba.

Girmansa bai bar shi ya tambayi matasan malamai ba. Sai ya kai ta gida.

A gida akwai 'yarsa ta fari, Barira, wadda ta zo ganin gida daga garin da take aure.

Wanda ya tashi a cikinmu ya san matsayin ɗan fari. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya yabonsa a gaban mutane, ba ya nuna ya damu da shi. Malam Mainasara ya riƙe wannan kunya gam. Tun haihuwarta ba a taɓa jin sunanta a bakinsa ba. "Yarinyar nan" yake cewa, ko "ita waccan."

Ita ta zauna ta koya masa. Ta nuna masa yau, gobe ya manta. Da ta ga ranar komawarta ta matso, sai ta yi dabara: ta riƙa naɗar muryarta a cikin kwamfutar, kowane aiki da bayaninsa.

"Baba, ka ga koren maɓallin nan? Taɓa shi sau ɗaya, a hankali. Ba ƙofar ofishin shugaba ba ce da za ka ƙwanƙwasa."

"Baba, idan ta ƙi motsi kada ka yi mata tsawa. Ba 'yar ajinka ba ce. Kashe ta, ka sake kunnawa."

A bayan maganarta ana jin dariyarta. Ana jin mahaifiyarta tana ƙwala mata kira daga madafi, tana cewa miya za ta ƙone.

Ranar da za ta tafi ta ce, "Baba, kawo in tura maka su cikin wayarka. Wannan fa ba taka ba ce, wata rana za su karɓe abarsu."

Ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Mota tana jira. Sai kin dawo."

Ba ta dawo ba.

Gajeriyar rashin lafiya ta yi. Kafin ya isa garin, an riga an kai ta.

A zaman makoki bai zubar da hawaye ba. Ya karɓi gaisuwa a tsaye kyam, yana cewa Allah ya fi mu sonta. Mutane suka yi ta yaba haƙurinsa.

Abin da ba su sani ba shi ne, kullum da safe, kafin kowa ya iso makaranta, yakan shiga aji shi kaɗai, ya turo ƙofa, ya kunna allon gwamnati.

Ya riga ya iya aikin tuni. Ya san koren, ya san inda ake shigar da maki. Amma sai ya saurari bayanin daga farko har ƙarshe, kamar sabon ɗalibi. A duk duniya nan ne kaɗai wurin da ake ce masa "Baba" da wannan muryar.

Ko matarsa bai gaya mata ba.

To, a makarantar akwai zauren malamai na waya, wanda suke kira guruf. A nan malamin kwamfuta, wani matashi mai ladabi mai suna Malam Zayyanu, yake tura tunatarwa: a sauya lambar sirri, kada a buɗe saƙon da ba a san mai shi ba, a riƙa cajin na'ura kafin shiga aji.

Da zangon ya zo ƙarshe, ya tura babbar sanarwa. Za a karɓi dukkan kwamfutocin, a goge duk abin da ke cikinsu, a zuba sabon tsari. Duk mai wani abu nasa a ciki ya kwashe tun da wuri.

Ya tura, ya sake turawa.

Amma kun san halin zaurukanmu. Sanarwa na sauka, sai wannan ya ce an gani, wancan ya ce Allah ya saka. Sai hoton barka da Juma'a. Sai gayyatar suna. Sai mai tallar atamfa. Kafin azahar sanarwar ta nutse can ƙasa.

Malam Mainasara dama ya daɗe da daina leƙa wurin. A tarbiyyarsa, sanarwa ita ce wadda aka lika a allon sanarwa da sa hannun shugaba. Sauran duk surutu ne.

Abin da ya ji da kunnensa kaɗai shi ne maganar shugaban makaranta bayan taron safe: "Kowa ya miƙa kwamfutarsa ga Malam Zayyanu. Bayani yana guruf."

Sai ya fahimci abin yadda ya saba. A zamaninsu, ƙarshen zango akan karɓi kayan gwamnati a duba, a ga wanda ya kula da nasa da wanda ya yi sakaci, sannan a mayar wa kowa. Ya ɗauka binciken kaya ne.

Shi ya sa ya goge gilashin tas, ya naɗe ta a farin ƙyalle, ya zama na farko a gaban teburin Malam Zayyanu.

Ofishin cike yake da malamai.

Malam Zayyanu ya russuna ya karɓa da hannu biyu. Ya ce, "Baba Malam, babu dai wani abu naka a ciki ko?"

Matashin yana nufin, akwai abin da za a kwashe maka?

Dattijon kuwa abin da ya ji shi ne, ka yi amfani da kayan hukuma wajen harkar gidanka?

Ya dubi malaman da ke zaune, wasunsu shi ya koyar da su. Ta yaya zai buɗe baki a gabansu ya ce muryar 'yarsa ta fari ce a ciki, kuma kullum sai ya saurare ta?

Ya gyara tsayuwa ya ce, "Ni ba na haɗa kayana da na gwamnati."

Aka yi murmushi. Wani ya ce, "Sai Baba Malam!"

Hutun nan ya yi masa tsawo ƙwarai. Safiya takan zo masa shiru. Ya riƙa lallashin kansa da cewa makaranta na buɗewa zai karɓi abarsa.

Ranar komawa ya riga kowa zuwa. Malam Zayyanu ya miƙa masa kwamfutar a cikin ƙyallenta. Ya wuce aji, ya turo ƙofa, ya kunna.

Hoton fuskar allon ya sauya. Koren yana nan, amma ba a inda yake da ba.

Ya shiga wurin da muryoyin suke. Wayam.

Ya kashe, ya sake kunnawa, yadda ta koya masa.

Wayam.

Ya fito da sauri irin wanda ba a san shi da shi ba. Ya sami Malam Zayyanu a ofis, malamai sun fara taruwa.

"Zayyanu, wannan ba tawa ba ce."

"Taka ce, Baba Malam. Ga lambarta a baya. Mun dai goge su ne gaba ɗaya, kamar yadda na sanar."

"Goge su?"

"Eh, ranka ya daɗe. Ai na tambaye ka, ka ce babu komai."

"Mayar da su."

"Ba sa dawowa, Baba. Me ke ciki?"

Dattijon ya dafa teburin. 

"Barira," ya ce. "Barira ce a ciki."



Akwai malaman da suka yi rabin rayuwarsu tare da shi, suka halarci sunanta, suka halarci bikinta, suka je masa gaisuwar rasuwarta. Ranar ce ta farko da suka ji sunan nan daga bakinsa.

Malam Zayyanu ya zame ya durƙusa. Ya ɗauki kwamfutar ya kai wa masana a birni, ya yi duk abin da zai iya. Aka ce masa sabon tsarin ya hau kan tsohon, babu abin da ya saura.

Daga baya ƙannenta suka binciko wasu saƙonnin murya da ta taɓa tura musu, suka kawo masa. Ya saurari ɗaya, ya ce a kashe.

Muryarta ce. Amma ba da shi take magana ba. Babu "Baba" a ciki.

Bai zargi kowa ba. A taron malamai na gaba ya miƙe, ya nemi izinin shugaba, ya roƙi abu guda: duk sanarwar da ta shafi goge wani abu, a faɗe ta da baki, a kuma bi dattawa ɗaya bayan ɗaya a tambaye su a keɓe, ba a gaban jama'a ba. Ya zauna.

An ce kwanakin baya an kawo wata sabuwar malama, ya same ta tana dukan gilashin kwamfutarta da yatsa. Ya tsaya a kanta ya ce, "Taɓa shi sau ɗaya, a hankali. Ba ƙofar ofishin shugaba ba ce."

Ta yi dariya.

Shi kuwa ya juya ya fita waje. Kalmomin suna nan tare da shi, ba su ɓace ba. Sautin ne kullum yake ƙara yi masa nisa.

Darasi: Malamai da ma'aikatan makaranta, na'urar aiki ta hukuma ce, kuma ana iya karɓarta a goge ba tare da an jira zuciyar kowa ba. Abin da ba za ka iya jure rashinsa ba, ka kwashe shi yau zuwa wayarka, ka ajiye wani kwafin a wani wuri dabam, kada ka ce sai wani ya dawo. Ku karanta sanarwa, ku daina binne ta da gaisuwa da hotuna. Ku kuma matasa masu kula da na'urori, idan za ku tambayi dattijo, ku ja shi gefe, ku faɗa masa ƙarara cewa gogewa za a yi. Akwai abin da babba ba zai iya faɗa a cikin taro ba.

Ka tura wannan zuwa zauren makarantarku. Idan kuma akwai dattijon da ka san ba ya leƙa zauren, ka tashi ka je ka karanta masa da bakinka.