Famfon Ummuhani

A Doka aka haifi Ummuhani, jikar mahajjatan da suka yada zango a hanyar Makka suka zama manoma. Aure ne ya kawo ta Gadarif. Mijinta Sale direban lori ne, yana ɗauko dawa da riɗi daga Simsim, kuma shi ya fara ja wa gidansa famfo a duk layinsu. Da ya rasu, ya bar mata 'ya'ya mata uku da firji, wanda mutanen garin ke kira talaja. Da shi ta riƙe gidan: ta dafa zoɓo da tsamiya, ta ƙulla a leda, su daskare, a kai bakin kasuwa.

Sana'ar wuta take so da ruwa. To, a wajen sayen wuta ake haɗawa da kuɗin ruwa na wata, ba a ba ka ɗaya sai ka biya ɗayan. Da yaƙi ya koro jama'a daga Khartum da Madani, garin ya cika maƙil, ruwa ya daina isowa unguwarsu. In ta murɗa famfon sai huci. Ga shi tana biya duk wata don kada talaja ta mutu, sannan ta sayi gangar ruwa wajen Abdallah, ƙanin mijinta, mai kurar jaki.

"Yaya, wallahi ba son raina ba ne," in ji shi ranar da ya ƙara kuɗi. "Mai rijiya ya ce gas ya hau. Jakin nan ma abincinsa saya nake."

Ta yafa mayafi ta tafi ofishin ruwa. Ma'aikacin da ta tarar, Hatim, ya ba ta kujera.

"Ɗana, ku cire mini famfon nan. Iska nake biya."

"Hajiya, ni ma gidana da kura ake kawo mana. Abin da kuke biya ko gas na injuna bai saye. Mu ƙara, jama'a su yi ca a kanmu. Mu bari, injin ya tsaya. In kin ce a cire, a cire. Amma ranar da sabon bututu ya iso, sai kin sake biyan kuɗin haɗawa, kuma ya ninka na da nesa ba kusa ba."

"Yaushe zai iso?"

Ya buɗe hannuwa. "Tun ina makaranta ake cewa baɗi."

Ummuhani ta yi lissafi a ranta. In ta ƙara wa zoɓo kuɗi, masu saye su gudu. In ta bar sana'ar, 'yar autarta Asia ta bar makaranta. Ta miƙe ba ta ce a cire ba.

Har yau tana nan. Ta rage girman ƙullin leda, ruwan wanke-wanke kuma da shi ake wanke tsakar gida. In wata ya kama, ita ce sahun gaba a layin biya, ranta a ɓace, tana gaisawa da maƙwabta.